Ragon da na yanka ranar Juma'a

Har yau ban manta da wata Juma'a da na yanka rago a arewacin Affala ba, kuma ku da kuka shigo aikin nan bayanmu ya kamata ku ji yadda aka yi.

Lokacin bazara ne, muna haƙa rijiyar makiyaya. Mu goma sha ɗaya ne a shantiye, wato wurin aikin. Akwai shef, Malam Mamman, wanda duk umarni daga bakinsa yake fitowa. Akwai Baba Agali, tsohon maginin rijiya, shi ke shiga ƙasa yana jera siminti. Sauran masu jan igiya ne da direba. Ni Iliya, ni ne mai dafa abinci, kuma ni kaɗai ne Kirista.

Tun ranar da aka ɗauke ni a Tawa shef ya gaya mini ƙa'ida: tukunya tawa ce, amma wuƙar yanka ba tawa ba ce. Kaza ko akuya, Musulmi ke yankawa, ni in feɗe in dafa. Ban ji haushi ba. Abin da ke damuna shi ne na ji wasu na cewa da an samo musu mai dafuwa Musulmi da hankalinsu ya fi kwanciya. Ni kuwa mutum ne mai saƙe-saƙe, ko gishiri na zuba sai na koma na ɗanɗana sau uku.

Mun yi sati biyar babu nama, sai tuwo da miyar kuka. Ran Alhamis makiyaya suka kawo mana rago kyauta, aka ce Baba Agali zai yanka bayan an sauko daga Juma'a. Da hantsi duka suka hau mota zuwa masallaci, aka bar ni gadi kamar kullum.

Da na je bayan rumfa ɗibar itace, sai na tarar da ragon kwance, ciki ya kumbura kamar salka. Tun da safe na bar buhun gero a buɗe, igiyarsa kuma ta kai wurin. Na ɗaga shi, na danna cikin, na ɗura masa mai. Idonsa ya fara juyewa. Na duba gabas da yamma, ko mutum ɗaya babu. In ya mutu ya zama mushe. Sai na ɗauko wuƙa, na yi addu'a, na yanka.

Ina cikin fiɗa tunani ya zo mini. Makiyaya na wucewa ta nan kusan kullum. In na ce wani Buzu ne ya biyo na roƙe shi ya yanka, wa zai bincika? Mutane za su ci nama, ni kuma in tsira da aikina. Har na shirya yadda zan siffanta mutumin, da rawaninsa da raƙuminsa.

Na durƙusa bakin murhu in roƙi Ubangiji ya rufa mini asiri, sai na kasa ƙarasa addu'ar. Da wane baki zan roƙe shi ya taya ni ƙarya? Mutanen nan suna cin abin da na zuba musu ne saboda sun ɗauka ba zan cuce su ba. Na rataye naman a inuwa, na wanke hannu, na kaɗa miyar kuka.

Da motar ta dawo, direba ya hango naman ya fara murna. Ni kuwa na ja shef gefe, na faɗa masa komai, har da buhun da ƙaryar Buzun da na shirya.

Sai ya ce, "Da ka yanka, ka ambaci sunan Allah?"

"Na ambata, Shef. Amma na rufe da sunan Yesu, yadda nake rufe kowace addu'a."

Ya kama gemu yana murmushi. "Iliya, ina nema maka ƙofa, kai kana rufewa."

Na ce ko zai bar maganar tsakaninmu, a ce naman ya lalace.

"A'a. Abin da ba ka ɓoye mini ba, ni ba ni ɓoye musu shi."

Ya tara mutane ƙarƙashin rumfa ya faɗa musu yadda aka yi, bai ƙara ba, bai rage ba. Hukuncin barin buhun a buɗe kawai ya ce wannan tsakaninsa da ni ne. Suka yi shawara suka ce ba za su ci ba. Wani daga masu jan igiya ya ce shi ya sa tun farko ya ce a nemo musu nasu. Na sunkuyar da kai, ina tunanin abin da zan gaya wa matata.

Baba Agali, wanda yakan yini bai yi magana goma ba, ya ajiye kofin shayinsa, ya dubi mai jan igiyar.

"Kai yaro, da Iliya ya ce Buzu ya yanka, da yanzu kana suɗar ƙashi. Ni ba ni cin wanga nama. Amma daga yau abin da Iliya ya aza gabana, ci nikai, ba ni tambaya."

Shef ya sa na yanyana naman na shanya, ya ce ranar Asabar direba ya kai wa iyalina a Tawa. Direba ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi laifi aka biya shi da rago ba, gobe shi ma zai bar buhu a buɗe. Aka yi dariya, muka ci tuwo da miyar kuka.

Da na koma gida na ba fastonmu labari, na ce har yanzu ina jin kunyar ƙaryar da na shirya. Ya ce in gode wa Allah da ya tsayar da ita a maƙogwarona.

Abin da na koya shi ne, a daji ba a ganin abin da mai dafuwa ya sa a tukunya, maganarsa kawai ake ci. Na kuma ga yadda mutane suka haƙura da nama bayan sati biyar saboda addininsu, ba su tozarta ni a kan nawa ba. Rijiya tara na yi tare da Malam Mamman bayan wannan, kuma duk sabon ma'aikacin da ya tambayi wa ya yi yanka, sai Baba Agali ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi Iliya."