Littattafan Yaya Buba da Muka Ƙona

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Buba, malamin firamare a Gwaram, kuma har yau in na tuna shi kunya ce ke riga kewa kama ni.

Mu Fulanin Farin Dutse ne, amma Fulatancin gidanmu a bakin kakarmu, Inna Dije, ya tsaya. Duk hutu Yaya zai zauna kusa da ita, yana tambayar sunayen kayan kiwo da na tatsa, da aikin da kowane suna ya fito daga cikinsa. Da ajami yake rubutawa, don Inna ta ce ba za a sa maganarta a boko ba. Ni kuwa tsiya nake masa, ina kiransa malamin ƙwarya.

Wata rana ya ba ni labarin Wayandot, wasu mutane a Amurka da yarensu kan ƙera sunan abu daga aikinsa, kamar yadda mabuɗi ya fito daga buɗewa. Ya ce, "Masu jin yaren sun ƙare, amma jikoki na tono shi daga takardun da aka bari. Ka ga amfanin takarda?" Na ce masa takarda ba ta ba da nono.

Inna ta riga shi tafiya. Bayan sadakar bakwai ɗinsa aka buɗe akwatinsa, aka tarar gara ta ci ɗinkin littattafan da ya rubuta Fulatancin Inna a ciki, shafuka sun warwatse. Baffanmu ya ga ajami, ya ce ayoyi ne, a ƙona kada a taka. Na san ba ayoyi ba ne. Amma ina sauri in koma shagona a Birnin Kudu, kuma wa zai musa wa Baffa a gaban jama'a? Ni na miƙa ashana. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Yanzu kowane makiyayi da wayar da ke ɗaukar murya a aljihu. Da Yaya na nan, na tabbata da ya gama bin rugage yana naɗar muryoyin tsofaffi, yana yi mana faɗan muna ɓata ta a kallon rawa.

Ɗalibansa na tare ni a kasuwar Gwaram su yi masa addu'a, wannan kam shi ya rage mana, Allah ya jiƙansa. Amma a watan jiya 'yata ta roƙe ni kalma goma kacal daga yaren Inna. Da ƙyar na kawo uku. Ɗaya ma, ashe, Hausa ce.