Katin Hagu

Shekara ashirin da wani abu na yi ina tuƙa babbar mota a ramin yuraniyom na Arlit. Lokacin tawaye ma ban ajiye sitiyari ba, muna bin ayari da rakiyar soja zuwa Agadez, kowa na ɗora tayarsa a kan sawun na gabansa saboda nakiya. Duk wannan bai sa gwiwata ciwo ba. Yara ashirin da uku ne suka gama da ita, babbansu shekararsa biyar.

A shekarar da kasuwar yuraniyom ta faɗi aka sallame mu. Gari ya fara zubewa. Kullum sai ka ga mota an ɗaure mata katifu da tukwane ta nufi kudu, masu shigowa kuwa makiyaya ne daga wajen Gougaram waɗanda fari ya cinye wa awaki. Ɗiyata tana koyarwa a ajin ƙananan yara na lakwal, wato makarantar unguwarmu, aikin kwantiragi. Mijinta ya rasu, ita da jikata ne kaɗai suka rage mini a gidan. Aka ce za a rufe wasu azuzuwa tun da yara sun ragu, mai duba makarantu zai zagayo ya zaɓi na bari. Ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in an rufe nata, za ta ɗauki yarinyar su koma Tawa wajen ƙanwar uwarta. Ni kuma in zauna in riƙa hira da bango.

An taɓa kai malamai Agadez kwana biyar aka koya musu wani sabon darasi, wai koya wa yaro yadda ake ba na'ura umarni. Ta ce shi za ta nuna wa mai dubawa, don babu ajin da ya gwada.

Na ce, "Ina na'urar?"

Ta ce, "Babu, Baba. Da wasa ake yi."

"To wa za a ba umarnin?"

Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Ni da na yi aji huɗu a zamanin da aji huɗu ya fi digirin yanzu, nan take na gane an yi mini naɗi.

Ga yadda abin yake. Ta zana gidaje murabba'i a tsakar lakwal da toka, shida a tsaye shida a kwance. A wani gida ta ajiye kwanon dabino, a wani tsohuwar taya, wai rijiya ce. Ta yanka kwalin sukari ta yi katuna: na tafiya gaba taku ɗaya, na juyawa dama, na juyawa hagu, da wani mai ɗigo-ɗigo na maimaitawa. Yara su jera katuna, su miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, ni kuma robo, wato mutum-mutumin ƙarfe, in yi abin da kati ya ce, ba ƙari ba ragi. In sun jera daidai in isa ga dabino su ci. In sun yi kuskure in faɗa rijiya.

Ta gargaɗe ni, "Baba, robo ba ya tunani."

Na ce, "Na yi wa kamfani aiki, ɗiyata. Na iya."

Kwana biyu na farko a gaisuwa suka tafi. Yaro zai zo da kati ya durƙusa, "Kaka, ina kwana? Ina gajiya?" Ɗiyata ta ce ba a gaida robo. Na ce wannan robon dai ana gaishe shi. Muka daidaita a kan gaisuwa ɗaya da safe, ta kowa da kowa. Gaba suka iya, dama suka iya. Har suka gane cewa in an ajiye katin gaba tare da mai ɗigo huɗu, taku huɗu ke nan, ba sai an kwaso kati huɗu ba.

Sai aka zo hagu.

Ɗiyata ta ajiye dabino a arewa, ni ina fuskantar gabas. Juyi ɗaya hagu, taku biyu, an gama. Katin hagu yana nan a ƙasa kamar kunama, babu mai taɓa shi. Suka tura ni gaba na faɗa rijiya. Suka tura ni dama na bugi katanga. Jikata, wadda ta fi kowa baki, ta harɗe hannu ta ce, "Ba a ba babba hagu."

Uwar ta ce, "Ba hannun hagu ba ne, kati ne. Da damarki za ki miƙa."

"Amma hagu ne a ciki."

Wa ya koya mata? Ni. Ni ne mai buge mata hannu in ta miƙo kofi da hagu, ni ne mai cewa a mayar a sake. Sauran ma kowa da kakansa a gida. Shekara biyar muna ginin abu, an ba ɗiyata mako uku ta rushe shi. Na tara yaran na yi jawabi, na ce ni da bakina na yafe, a ba ni hagu. Wani ya ce to ai robo ba ya magana. Aka kwashe da dariya, katin dai na ƙasa.

Ɗiyata ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta shafa wa katin launi. Ta canza masa suna, suka gano. Ta shiga gidajen da kanta ta zama robo, suka ce malama ma babba ce. Ta sa yaro ya zama robo, nan kam suka ba shi hagu har da murna, amma shi robon sai ya ruga kai tsaye ya dumbuzi dabino. Ana cikin haka wata tsohuwa ta zo da mayafi a kafaɗa tana tambaya ko gaskiya ne ana koya wa jikanta hagu a lakwal. Na yi mata bayani da ilimina na aji huɗu. Washegari yaron bai zo ba. Saura ashirin da biyu, a lokacin da kowane kai ake ƙirgawa.

Da rana tsaka na iske ɗiyata a zaure tana duba tsohuwar akwatin uwarta, wai ko makullin yana aiki. Abincin ranar bai shiga ba.

Mai dubawa ya zo da takardarsa, siriri, ya gaji tun kafin ya zauna. Ɗiyata ta so ta ajiye dabino a dama a wuce wurin. Shi ya tashi da kansa ya ɗauki kwanon ya ajiye a arewa, ya ce a takardarsa akwai layin dama da hagu. Na tsaya ina fuskantar gabas.

Yara suka yi cirko-cirko. Jikata ta dubi katin hagu, ta dubi uwarta. Ta tsuguna ta ɗauki katin dama, ta haɗa shi da mai ɗigo uku, ta miƙo mini da hannu biyu. Robo ba ya tunani. Na juya dama, kudu. Na sake, yamma. Na sake, sai ga ni ina kallon arewa, dabino a gabana. Ta miƙo gaba da ɗigo biyu. Na isa.

Mai dubawa ya ce, "Ƴan mata, ba ki san hagu ba ne?"

Ta nuna katin da leɓe. "Ga shi can. Ba a ba tsoho shi ne."

Ya dubi ɗiyata. "Ke kika koya mata wannan?"

Ɗiyata mai gaskiya ce har abin ya yi yawa. Ta ce a'a. Ya taɓa biro a haƙori, ya ce hanyar ta yi tsawo amma ta kai. Ya yi rubutu. Ya ci dabino biyu, na lura, da dama.

An bar ajin, shekara ɗaya, sai an sake dubawa. Akwati ta koma ƙarƙashin gado. Amma dabarar ta bazu cikin yara kamar ƙyanda, babu wanda ya ƙara kallon katin hagu, kuma ɗiyata ta ce tun da mai dubawa ya amince ba za ta taɓa ba. Duk inda mutumin kirki zai juya sau ɗaya, ni sau uku nake juyawa, safe da hantsi, har gwiwata ta riƙa ciwo, kaina ya riƙa jiri in dafa katanga. Na roƙi jikata a gida, cikin lalama, na ce ta taimaki tsoho ta ba shi hagu ko sau ɗaya. Ta ce rashin kunya ne, kuma ni na faɗa.