Inna Safara'u Mai Tambayar Gona a Gidan Makoki

Rana ba ta taɓa riga Inna Safara'u tashi ba. Da ta idar da sallar asuba sai ta jawo dutsen washi daga ƙarƙashin rumbu, ta zauna tana wasa hauya, har maƙwabtanta a ƙauyensu na gefen Ruwan Godiya suka daina dogara da zakara. Ta sha kunu, ta ci ɗamara da tsohon zane, ta bi gida-gida tana tayar da matan gayyarta. Gayaunarta ba ta taka kara ta karya ba. Gonakin da take wa wannan sammako na wasu ne.

An daɗe ana yi mata kallon marar ta-ido. In ta shiga gidan makoki takan yi "ya haƙuri" kamar kowa, sannan ta matsa kusa da matar mamacin, ta rage murya ta ce, "Gonar tana ina?" Mata su haɗa ido. Mutum bai kwana biyu a ƙasa ba, tsohuwa na zancen gona!

Amma ta san abin da take tambaya. In miji ya rasu farkon damina, takaba ce ke cinye daminar gaba ɗaya. Malamai sun ce lalura na iya fitar da mai takaba, sai dai bakin mutane bai yarda ba. Tana zaune a ɗaka wani dangin miji zai ce bari ya riƙa mata gonar. A nan kuwa wanda ya yi noman farko shi ke da amfanin shekarar. Riƙon bana ya zama na baɗi, marayu su tashi su ji ana kiran gonar ubansu da sunan baffansu. Haka aka yi wa Inna tana da goyo, kuma ba ta manta ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka harbe Mani a hanyar gonarsa, shuka ta fito ke nan. Ya bar matarsa Suwaibatu da 'ya'ya uku, duka mata. Gonar tana can bakin daji, ita ce kaɗai cinsu. Ba a yi sadakar bakwai ba wan Mani, Malam Gide, ya aiko cewa zai kai 'yan ƙwadago, tunda gidan babu namiji.

Suwaibatu ta kama hannun Inna tana kuka. "In ya sa hauya a gonar nan, ɗiyana sun tashi a tutar babu."

"Share hawayenki," in ji Inna. "Ke dai zamna ki yi ma mijinki addu'a."

Samun matan gayyar ya yi wa Inna wuya, don kowa ta san inda aka tsinci gawar Mani. Wasu mazansu suka hana, wasu suka ce ciwon kai. Washegari da 'yan kaɗan ta fita. Dawa ba ta kai gwiwa ba, babu inda mutum zai ɓuya. Suka sunkuya suna noma, ba waƙa, ba hira, kunnuwa duk suna wajen daji.

Hantsi ya dubi ludayi sai ga ƙarar babura.

Wanda bai zauna tsakanin Faskari da Sabuwa a shekarun nan ba, ba zai san abin da wannan ƙara ke nufi ba: a kan babura 'yan bindiga ke zuwa. Matan suka watsar da hauyoyi suka yi rafi, wata har da barin takalmi. Inna ta ɗago ta duba, ta ga ƙura na matsowa. Ta yi kalmar shahada, ta tuna 'yan matan nan uku, ta mayar da kai ƙasa ta ci gaba da saran ciyawa. Baburan suka tsaya a bayanta. Ta ji takun ƙafa, ba ta waiwaya ba.

"Inna! Mi kike yi nan?"

Malam Gide ne da 'yan ƙwadagonsa, hauyoyi ɗaure a bayan babura.

Ta miƙe a hankali. "Noman farko nike, Malam. Ga shi kau an fara."

"Yo ke ba ki da hankali? In aka kwashe ku, wa za a tambaya? Ni ne babba a gidan nan, kuma ɗiyan duk mata ne. Wa zai noma masu?"

Maganar tsoron da ya yi gaskiya ce, Inna ma ta sani. Ta dube shi ta ce, "In tsoron a kwashe mu kake, hau surin can ka duba muna hanya. In noma kake son yi ma ɗiyan ƙanenka, ga kuyya nan, kama. Amma dawar nan rumbun Suwaibatu za ta."

Can sai ga matan suna fitowa daga rafi ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ɗauki hauyarta ta tsaya kusa da Inna. 'Yan ƙwadagon suka ga a cikinsu akwai sa'o'in iyayensu, babu wanda ya kwance hauyarsa. Malam Gide ya tayar da babur ya juya.

In aka yaba mata jarumtar ranar, dariya take yi. "Wace jarumta? Gwiwa ce ta hana ni gudu."

Inna, mun ji, amma ba gwiwa ce ta kai ki gonar ba. Ke ce kika je inda maza suka ja da baya, tsoro na cin ki, ba ki fasa ba. Ke ce kika yi ta zarya ƙofar mai gari da ta liman, ana ce miki sai gobe, har suka yarda aka yi shela cewa ba mai sa hauya a gonar mai takaba sai da yardarta. Uwar marayu, mai hana ciyawa kwana!

Ranar da Suwaibatu ta fita takaba, gonar ce wurin da ta fara zuwa. Ta tarar dawa ta fi tsayinta, ta durƙusa a tsakiyar kuyya ta yi kukan da ya fi na ranar mutuwa. Har yau sunan Mani gonar ke amsawa, kuma 'ya'yansa ke cin ta.

Bana gwiwar ta ci ƙarfin Inna da gaske, ta rataye hauya. Mun gode, Inna Safara'u. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da gonar da ba a ƙwacewa.

Hankalinta bai kwanta ba sai watan jiya, da aka yi rashi a wani ƙauye wajen Yankara, aka kai ta gaisuwa. Tana zaune a tabarma tana neman yadda za ta ja jiki zuwa wurin matar mamacin, sai ta ga an riga ta. Suwaibatu ce ta matsa, ta rage murya.

Ku da za ku je gaisuwa daminar nan, maza da mata, ku yi "ya haƙuri" yadda aka saba. Sannan ku daure wa kallon mutane, ku tambayi abin da Suwaibatu ta tambaya:

"Gonar tana ina?"