Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Ranar da na je sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ni. Na danna, na sake dannawa, shiru. Ma'aikacin ya ce, "Yalla, Hajja, goga shi a goshi ya sami maiƙo." Na goga, na sake dannawa, ta dai ƙi.

Sai a lokacin na dubi hannuna da kyau. Shekara da shekaru ina wanke-wanke a gidan abinci a unguwar Bab Makka, sabulu da ruwan zafi sun shafe zanen. Tsufa kuma ya busar da fatar, in na tsunkule ta ba ta saurin komawa.

Mutanen bayana suka fara tsaki. Garin da ya cinye mini yatsun, shi ne yau yake cewa in kawo su.