Tsiren Kawu da Radar Inna

Ƙanshin tsire ya tuna min Kawu Sule, tsohon sojan ruwa, a Lafia shekarun tamanin.

Likita ya hana shi nama saboda hawan jini. Ranar nan ya sayo tsire, ya cusa cikin babbar riga, ya ce min:

"Jirgin yaƙi, karkata jikinsa ake yi don radar abokan gaba ta kasa hango shi. Kalle ni."

Ya shiga gida a kaikaice kamar ƙaguwa. Matarsa, Inna Asabe, tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kyaftin, karkace son ranka. Tawa radar a hanci take. Ajiye nan."

Yana kallo muka cinye.

Ku a gidanku radar wa ce ba a tsere mata?