Katakon da Yaya ya kafa wa Auta

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare shi take. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan jiya, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran yayana kafinta, bayan wata tara yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, ya bar ni, ya kuma bar autarmu.

Yaya, shekara arba'in ka yi da fensir a bayan kunne. Bangon shagonka cike yake da awo: tsayin ƙofar wane, faɗin gadon wance, har da na mutanen da suka daɗe da rasuwa. Na sha tsokanarka cewa ko tsayin fushin matarka ka auna ka rubuta a wurin. Idan talaka ya kawo kujera mai ƙafa uku, sai ka gyara ka ce ai guntun katako ne da ma za a jefar. Mun san ba za a jefar ba, amma ba wanda ya taɓa ƙaryata ka.

Babban aikinka kuwa ba wanda ya saye shi. Auta tana da shekara bakwai ƙyanda ta tafi da idanunta. Da iyayenmu suka rasu ka ɗauke ta, ka ba ta ɗakin da ke kusa da famfo. Sannan ka kafa dogon katako a jikin bango, daidai ƙugunta, daga ƙofarta zuwa banɗaki, zuwa kicin, har bakin ƙofar gida. Ka goge shi da hannunka don kada sartse ya shige ta, ka yi tsaga ɗaya a wajen kwana, tsaga biyu a wajen matakala. Shekara talatin ke nan tana yawo a gidan nan ba mai riƙe mata hannu. Yau katakon har sheƙi yake yi saboda tafin hannunta.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma gara in faɗe shi a nan. Shekara biyu da suka wuce ka kira ni shago, ka share garin katako daga kan benci, ka ajiye sabon littafin rubutu, ka zaro fensirin ka miƙo mini.

Ka ce, "Malam, kai ne mai kyan rubutu. Zauna ka rubuta cewa ɗakin Auta nata ne har ƙarshen ranta. Ka kuma rubuta wanda zai tsaya mini idan na kasa magana."

Na yi dariya. Na ce, "Haba Yaya, wace irin magana ce wannan da tsakar rana? Kai da za ka binne mu duka."

Ka dube ni, ka mayar da fensirin bayan kunne. Ni kuwa na tafi ina jin na kyauta, wai na kawar maka da mummunan tunani. Ina koyar da yaran mutane rubutu, amma layi huɗu na yayana suka gagare ni.

Ranar da ka faɗi a shago, likita ya tambaya wa zai sa hannu a yi aiki. Matarka ta ce a jira babban ɗanka, shi yana tafiya ba a samunsa a waya, ƙannensa kuma kowa da ra'ayinsa. Kwana uku muna tsaye a barandar asibiti muna gardama, dukkanmu muna sonka, ba wanda ya san abin da kake so. Da muka je cire kuɗinka a banki, aka ce sai kai da kanka, ko takardar wakilci. Ma'aikatan shagon suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Da aka dawo da kai gida, harshe ya riga ya tafi. Duk lokacin da na shigo sai ka ɗaga hannun hagu ka nuna ɗakin Auta, ka nuna ni. Yara suna cewa ruwa kake so. Ni na san abin da kake so. Na je wurin lauya, ya ce takardar da aka rubuta wa mutumin da ba ya iya cewa e ko a'a, da wuya ta tsaya idan magada suka ja. Ya ce mini da ma na yi hakan tun kana da lafiya. Ban iya gaya masa cewa kai ka nema, ni na hana ba.

Yanzu ana maganar sayar da gidan a raba. Ba na zagin 'ya'yanka; kowannensu yana da nauyi a kansa, kuma haƙƙinsu ne. Auta ba ta cikin magada. Na ce zan ɗauke ta, amma ɗaki biyu nake haya a hawa na uku, mai gidan ko ƙusa ba ya bari a buga. Shekaranjiya dillali ya zo da tef yana auna tsakar gida. Auta ta ji ƙarar tef ɗin, ta fito tana bin katako, ta ce, "Wa ke awo? Ai Yaya ya riga ya auna komai." Dillalin ya ci gaba da awonsa.

Ya ku 'ya'yan yayana, ba ni da takarda, ba ni da shaida sai Allah. Amma na rantse mahaifinku ya faɗa, kuma laifin rashin rubutawa nawa ne, ba na gwaggonku ba. Kada ku sa ta biya shi. Ni dai na rubuta tawa wasiyyar makon jiya, a littafin nan da na tarar a shago, ko shafi ɗaya ba a taɓa ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka, ya sa jinyar nan ta zama kankarar zunubi, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da ta yi wata tara tana juya ka a kan gado, da 'ya'yanka, da abokan sana'arka. Allah ya ba mu haƙuri, ya yafe mini dariyar da na yi. Auta kuma, Allah ya sa gobe idan ta miƙa hannu ta tarar da katakon nan a inda ka kafa shi. Amin.