Matar Direban da Ta Shiga Kogo

Bu Chunja ta tsufa tana noman karas a gabashin tsibirin Jeju na ƙasar Koriya ta Kudu, kuma duk tsawon aurenta ba ta da abokin faɗa irin kogo. Mijinta, Yang Mansik, direban bas ne. Ranar hutunsa, maimakon ya taya ta cire ciyawa, sai ya ɗauki hular kwano da tocila ya bi abokansa cikin ramukan da narkakken dutse ya bari a ƙarƙashin gonaki tun zamanin da dutsen tsibirin ke aman wuta. Ya dawo wando a yage, gwiwa a kuje.

"Baban Miran, mutane na gudun kabari, kai kana kai kanka," in ji ta.

"Ai gara in san hanya tun yanzu," ya kan ce yana dariya.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta yi nauyi, amma kullum zancensa ɗaya. Akwai wani kogo bayan ƙauyensu da ke ƙarewa da matsattsiyar kafa. Iska na fitowa daga cikinta, shi kuwa kafaɗunsa sun hana shi wucewa. Abokan duk ƙarti ne, babu wanda ya taɓa shiga.

Chunja kuwa mai ƙaramin jiki ce. Wata safiya bayan girbi ta je gidan amininsa, Go Changho, ta ce ya raka ta.

"Ke da kika ce mu mahaukata ne?"

"Har yanzu ban canja magana ba. Ɗauko igiyarka."

Cikin kogon faɗi ne da shi kamar hanyar mota, ga sanyi, ƙasan kuma kaushi ke cin takalmi. A bakin kafar ta kwanta rub da ciki ta ja jiki, dutse na kartar haƙarƙarinta. Ta ɓulla wani ɗan ɗaki. Saiwoyin itatuwa sun huda rufin sun sauko, sirara, kowace da ɗigon ruwa a bakinta. Gaba kuma duwatsu sun rufto sun toshe hanya. Ta zauna ta kashe tocilar, ta daɗe tana sauraron ɗigon.

Da ta koma gida ta faɗa wa Mansik komai, ba ta ƙara gishiri ba.

"Shi ke nan?" ya tambaya da ƙyar.

"Shi ke nan. Ɗaki ne, bai kai kicin ɗinmu ba."

Sai ya ce ta sake ba shi labarin saiwoyin.

Bayan rasuwarsa ba ta daina zuwa kogon ba. Matan ƙauye na mata tsiya wai ciwon mijinta ta gada. Ita dai ta kan ce a gona rana ke gasa ta, can ƙasa kuwa babu mai tambayar ta yaya zaman kaɗaici.